Mayar da Cizal Ɗin Mazauninsa, Ɗauko Rula

Jiya da yamma muna rufe shago ka tare ni da tambaya. Ka ce, "Maigida, jitar gwanjon nan da mai kiɗan coci ya kawo daga Bukuru, tunda sabon jakin da ya sayo ya fi ramin girma, ba sai in faɗaɗa ramin da cizal in dasa shi inda tsohon yake ba?" Na ce ka bari sai da safe, don ba amsar da ake bayarwa a bakin ƙofa ba ce. To ga shi Allah ya kai mu. Jawo benci ka zauna, ɗana. Ɗauko jitar da jakin da rular ƙarfen nan mai mita guda da fensir. Cizal kuwa mayar da shi mazauninsa, yau ba ranarsa ba ce.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Jitar nan kwaikwayon Stratocaster ce, ƙirar da Leo Fender ya fitar a Amurka a 1954. Abin da tsirkiya ke hawa a gindinta shi nake kira jaki, kamar yadda masu goge da garaya ke kiran nasu, ko da yake za ka ji 'yan kiɗa suna cewa birij. Tsohon jakin sukuru shida ne suka riƙe bakinsa, yana da guntun ƙarfe mai nauyi da ya ratsa jikin jitar zuwa baya, inda sifirin uku ke ja da shi. Tsirkiya na ja gaba, sifirin na ja baya, jaki na tsakiya. In makaɗi ya danna sandar da ke jikin jakin, tsirkiya ta saki, murya ta sauka. Abin da ake kira tiremolo ke nan. Wanda mutumin ya sayo kuwa ƙirar Floyd Rose ce, wadda mai ita ya yi wa rajista a 1979. Shi ba ya zama a kan sukuru shida. Yana da kaifi biyu a gabansa da ke jingina da turaku biyu na ƙarfe, a kansu yake lilo, kuma yana kulle tsirkiya a gindi da kuma can saman wuya. Ka ga ashe ba girma kaɗai ya raba su ba. Yadda suke tsayuwa ma daban ne.

Yanzu ga inda tambayarka ta kauce. Ka ɗauka tsohon rami ne zai nuna maka wurin sabon jaki. Ba shi ba ne. Wuya ne ke nuna wurin jaki, kullum, a kowace jita.

Ɗora rular. Sa bakinta daidai inda tsirkiya ke barin matashinta na sama, wannan farin abin mai tsaga shida, ka karanta min lambar da ke kan tsakiyar firet na 12, wato na 12 cikin siraran ƙarafan nan da ke gicciye a kan wuya. Milimita 324 ko? To ninka biyu, 648 ke nan, wato inci 25 da rabi, ma'aunin Fender. Da jitar Gibson ce da ka samu kusan 628. Ba na yarda da sunan da aka rubuta a kan jita, musamman ta gwanjo da ba ka san hannu nawa ta bi ba, ko ma an taɓa sauya mata wuya. Awo nake yarda da shi. Firet na 12 shi ne rabin tsirkiya, saboda haka duk tazarar da ke tsakaninsa da matashi, irinta ce za ta kasance tsakaninsa da sirdin da tsirkiya ke sauka a kai. Sai dai akwai ɗan ƙari. In yatsa ya danne tsirkiya tana ɗan miƙewa, muryarta ta ɗan hau, don haka ake ja da sirdi baya kaɗan a rama. Siririyar tsirkiya milimita 1 ko 2 ya ishe ta, mai kaurin kan nemi 3 zuwa 5. Shi ya sa kowane sirdi ke matsawa gaba da baya. Amma tafiyar tasa gajeriya ce. In ka dasa jakin ya kauce da milimita biyar, sirdi zai kai ƙarshen hanyarsa bai kai inda ake nema ba. Jitar za ta yi daɗi a firet na farko, tana hawa sama tana ƙarya, mai ita ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi mawaƙa na waiwayensa bai san laifinsa ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Saboda haka manna salatif na takarda a fuskar jitar, ka ja layin 648 a kansa. Sannan ɗauki sabon jakin, matso da sirdin siririyar tsirkiya gaba, ka bar masa ɗan sarari, ka auna daga inda tsirkiya za ta bar shi zuwa tsakiyar inda turke zai tsaya. A irin wannan jakin yakan kai rabin inci ko kusa da haka. Wannan tazarar za ka cire daga layinka ka samu layin turaku. Auna na hannunka, kar ka ɗauki lambar da wani ya faɗa maka, domin na kwaikwayo sun cika kasuwa kuma ba duka suke daidai da na asali ba.

Layi na biyu shi ne na tsakiya, kuma shi ne ya taɓa kunyata ni. Ina sabon buɗe shago, wani ya kawo min aiki irin wannan. Na raba faɗin jikin jitar biyu na ce ga tsakiya, na huda. Da na ɗaura tsirkiya sai ga siririyar tana tafiya a gefen wuya kamar mai bin bakin kwata, da an taɓa ta sai ta zame. Wuyan ya ɗan karkace a mazauninsa tun daga masana'anta, ni kuwa ban duba ba. Sai da na toshe ramukan na sake hudawa, fentin ya lalace, kuɗin aikin ma ban iya karɓa ba. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai in ji ba daɗi. Tun daga ranar, sai na tabbatar wuya ya ɗauru tam da sukurunsa huɗu, sannan in kwantar da rula a gefensa na dama in ja layi har gindi, in yi haka a na hagu, tsakiyar layukan nan biyu ita ce tsakiyar gaskiya. Daga nan sai in ja zare biyu daga tsagar farko da ta ƙarshe zuwa kan jakin, in duba da idona ko kowane zare ya bar gefen wuya daidai da ɗan'uwansa. Tsakanin turakun Floyd Rose na asali milimita 74 ne, wato 37 kowane ɓangare daga layin tsakiya. Nan ma auna naka.

Tsofaffin ramuka shida a toshe su da katako mai tauri da gam, a bar su su kwana. Guntayen maɗacin nan da muka kwaso a Kasuwar Katako sun isa. Kar ka cika su da garin katako da gam, wannan ado ne kawai, ba ya ɗaukar nauyi. Kuma nauyin ba ƙarami ba ne: tsirkiya shida masu kauri lamba 10 zuwa 46 suna ja da ƙarfin da ya kai kusan kilo 45, dare da rana, kuma duk a kan turaku biyu zai taru. Danna farcenka a cikin ramin baya ka gani. Ya shiga ko? Katakon mai taushi ne. Dubi kuma yadda turken ɓangaren siririyar tsirkiya zai faɗo kusa da ramin wayoyi, ɗan katakon da zai rage tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. A nan yake tsagewa, turke ya sunkuya gaba, jita ta daina riƙe saiti. A irin wannan jikin nakan yanke wurin in dasa guntun maɗaci, in huda turakun a cikinsa. Aikin yini guda ne ya ƙaru, amma ba za a dawo maka da ita bayan damina ɗaya ba.

Hudar turaku ita ce farko, kafin a taɓa rami, tun katako na da ƙarfinsa. Da injin huda na tsaye za a yi, ba na hannu ba, ko da kana ganin hannunka ba ya rawa. Ramin ya ɗan fi bushin ɗin turken ƙanƙanta, wato kwasfar ƙarfen da turke ke shiga cikinta, yadda zai shiga da matsi. Gwada a guntun katako tukuna. Kuma matsa shi ake yi a hankali, ba a bin sa da guduma, guduma ce ke tsaga fenti da katako lokaci ɗaya.

Sai rami. Kafin ka yanka komai, auna kaurin jikin. Stratocaster ta asali inci ɗaya da kwata uku ce, kusan milimita 45, amma masu araha da yawa ba su wuce 40 ba. Ƙarfen cikin jakin kuma ana yin sa tsawo uku, milimita 32 da 37 da 42. In ka sa dogo a siririn jiki zai leƙo ta baya, murfi ba zai rufu ba, yana gogar cikin makaɗi. In kuma za mu nutsar da jakin cikin fuskar jitar don sanda ta samu ja sama, to gajere za mu nema. Dole ma a yi ɗayan biyu, domin jakin nan ya fi tsohon tudu: ko a nutsar da shi, ko a sa ɗan siririn katako a ƙarƙashin gindin wuya ya ɗan kwanta baya. In ba haka ba tsirkiya za ta yi sama har yatsa ya gaji.

Ramin da rawuta ake yin sa, injin nan mai sassaƙa gurbi a katako, a kan samfurin filawud da ka riga ka yanke ka gwada jakin a ciki, ka ɗaure shi da kilam. Fara bin layin da wuƙa mai kaifi ka tsaga fentin, in ba haka ba zai ɓantare kamar ɓawon ƙwai. Kowane zagaye milimita 3, kar ka zarce, ka share gari ka duba ka sake. Kuma ka ji wannan da kyau: in aka ɗauke wuta kana tsakiyar yanka, abu na farko kashe makunnin injin ka ɗaga shi daga kan jitar. In wuta ta dawo baki na cikin katako, jitar ce za ta fara tafiya, wataƙila da yatsanka. Cizal sai a ƙarshe, don share kusurwa. Da ka gama, shafe ɗanyen katakon da fenti ko banish. Garin nan namu na Jos, daga Afrilu zuwa Oktoba katako na shan laima yana kumbura, hunturu ya zo a Disamba ya tsotse shi ya motse. Buɗaɗɗen katako a gindin turke ba ya jure wannan kai da komowar.

Wayar nan da ke like da dalma a jikin ƙugiyar sifirin, wayar at ce, mai kashe ƙarar lantarki, kar ka manta ka mayar da ita, in ba haka ba amfilifaya za ta yi ta gurnani.

Saura makullin sama. Jakin nan rabin aikinsa yake yi in ba a kulle tsirkiya a kan wuya ba, kuma sa makullin na nufin cire matashin a sassaƙe masa mazauni daidai bisa inda sandar ƙarfen cikin wuya take, wurin da wuya ya fi rauni. Faɗinsa ma iri-iri ne, akwai na milimita 41 da ɗoriya, akwai na kusan 43, sai wanda ya dace da wuyan. Wannan ni zan yi da hannuna kana kallo. Ba raini ba ne, jiki ana iya dasa masa katako, wuya in ya karye a nan an gama.

Wajen saiti, sa guntun katako a baya ya tokare ƙarfen ciki yadda jakin zai kwanta daidai da fuskar jitar. Yanke ƙwallayen gindin tsirkiya, kulle su a sirdi, ka ɗaure su zuwa muryarsu. Sannan ka riƙa ɗaure sukurun ƙugiya kaɗan-kaɗan har katakon ya saki da kansa ya faɗo. A nan sifirin da tsirkiya suka yi kunnen doki. Kuma kar ka taɓa juya turke alhali tsirkiya na ɗaure, yana cinye kaifin.

Maganar kaifi ta tuna min, miƙo min fayil ɗin can. Na asali ƙarfensa mai tauri ne, fayil zamewa yake a kai. Bari in ɗan goga a gefe inda ba ya aiki. Ka gani, ya ci. Wannan ƙarfen mai laushi ne, in ana wasa da sandar kullum turke zai yi masa gurbi, jaki ya daina komawa inda ya taso. To kafin mu huda ko rami ɗaya, kira mai jitar ya zo. Zan gaya masa abin da ya sayo, da abin da aikin zai ci, wanda zai iya kusan kamo kuɗin jitar kanta. Zan gaya masa kuma cewa a jaki mai lilo, tsirkiya ɗaya in ta tsinke sauran biyar duk sun tashi daga saiti, kuma sauya ta sai da alanki, ɗan ƙarfen kwance sukurun makulli, ba abin da ake yi tsakanin waƙa da waƙa ba ne. In damuwarsa kawai jitar ba ta riƙe saiti ne in ya taɓa sanda, sau da yawa laifin na matashin sama ne da ke maƙale tsirkiya. A gyara tsagoginsa, a goga musu bakin fensir, a ɗan sassauta sukuru huɗu na tsakiyar tsohon jakin a bar na gefe biyu su riƙe, sai ka ga ta natsu ba a zubar da garin katako ko cokali ɗaya ba. In ya ji duk wannan ya ce shi dai sabon yake so, jitarsa ce, za mu yi masa, mu yi da kyau.

Kafin ya iso, manna salatif ɗin ka fitar min da layukan nan biyu. In ka gama ka goge ka sake daga farko ba tare da ka dubi na dā ba, mu ga ko za su faɗa wuri ɗaya.