Hoton waya daban, bazarar Katsina daban

Ka ce Hajiya ta turo maka hotunan gidajen Turawa da aka ƙawata don shigowar bazararsu, tagogin gilashi tun daga ƙasa har sama, kafet mai laushi, furanni ko'ina, ta ce haka take so a mayar mata da gidanta ciki da waje, kana tambaya ta ina za ka fara. To ɗana, kada ka fara da sayen fenti tukuna.

Watannin dai ɗaya ne, Maris zuwa Mayu. Sai dai mutumin Ingila a lokacin fitowarsa ke nan daga sanyi da duhu, don a Landan cikin Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Duk adon da ka gani a hoton nan kiran rana yake ta shigo ɗaki. Mu kuwa a Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma wajen ƙarshen watan rana tsaye take tsakar ka. Aikinmu shi ne mu tare ta a waje, mu kuma shirya wa damina. Ka sa wa Hajiya irin gilashin nan a bangon yamma, daga la'asar falonta ya zama tanda, kuma ranar da aka ɗauke wuta sunanka za a ambata, ba na mai hoton ba.

Kada ka ce mata hotonta bai yi ba, ba a yi wa mai ba da aiki haka. Akwai abu biyu masu kyau a ciki: launi mai haske da rashin cunkoson kaya. Su za ka ɗauko, sauran ka lallaɓa ta ta bari.

Fara da waje. Bangon nan ya sha ƙurar hunturu tun Nuwamba, in ka ɗora fenti a kanta a kan ƙura ka shafa, ruwan farko zai ɓamɓare shi. A kankare, a share, a wanke, a cike tsaga, a bar shi ya bushe. Inda aka yi sabon filasta a ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, sannan a jira kamar mako 3 zuwa 4 kafin fenti. Yaran yanzu wannan jiran ne ba ku so, shi ya sa kake ganin sabon gida bai shekara ba yana saɓa. Shafin kuma a yi shi da safe, in rana ta ɗaga ku bi inuwa kuna zagaya gidan. Bango mai zafi yana busar da fenti kafin ya kama jiki, sai ka ga sawun rola ya fito ɓaro-ɓaro.

Launi ka zaɓi ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske. Mai duhu yana shan rana ya yini yana dafa ɗaki har bayan isha'i. Fari fat yana da sanyi, amma ba ya rufa asiri a garin ƙura, don haka in ta nace a kansa, ka ja mata layi kamar ƙafa biyu daga ƙasa da launin jar ƙasa, inda ruwan sama ke fallatso taɓo.

Ka lura da bangon gabas musamman. Hadarinmu ta can yake tasowa, iska ta riƙa dukan bango da ruwa. Maginan da suka rigaye mu sun san haka, shi ya sa suke shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai hali kuma a yi masa laso, haɗin katsi na marina da gashin majema da dafara, wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Wata Juma'ar ka je ka tsaya gindin Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, tsayinta kusan mita 15, ka dubi kaurin bangon da ƙanƙantar kafofin haske. Ba rashin sanin taga ya sa suka yi haka ba. Bangon tubali mai kauri yana jinkirta zafi, sai dare ya yi kafin ya iso ciki, lokacin mutane suna kwance a tsakar gida. Bulon siminti da kwano ba su da wannan haƙurin. Don haka a gidan zamani ka duba silin kafin ka duba ado: akwai tazara tsakaninsa da kwano? Akwai kafar da iska mai zafi za ta fita? In babu, duk fitilun da za a jera a silin ɗin kwalliyar banza ce.

In tana son ado a fuskar gida, muna da namu. Dagi guda a saman ƙofar shiga, a fito da shi da siminti, da zankwaye biyu a kan katanga, sun isa. Ni ban son a cika bango da zane har ido ya rasa inda zai huta, amma wannan ra'ayina ne, wasu magina ba su yarda da ni ba.

Ciki bai da wahala. A naɗe kafet mai gashi a ajiye sai sanyi, a bar tayil a fili ko a shimfiɗa tabarma mai kyau. Bango fentin ruwa, shuɗi ko kore mai haske sosai, fentin mai a bar wa ƙofa da taga. Labule a yi shi biyu, shara-shara don safe, mai kauri don tagar yamma. Mafi kyau ma a rataya asabari ta waje, domin zafin da ya riga ya ratsa gilashi labule ba ya mayar da shi. Sai rage kujeru, a buɗe hanya tsakanin taga da ƙofa iska ta samu wucewa. Wannan ka faɗa mata a hankali, kayan ɗakin mace ba abin wasa ba ne.

Tsakar gida ce nake so ka ba lokacinka. Kowa yanzu so yake a malale ta da siminti ko intalok bango zuwa bango, sai ta yini tana shan rana da dare tana amayarwa. Ka bar fili na ƙasa ko da taku uku ne, don itace. Yanzu ake haƙa rami a zuba taki, dashe kuwa sai ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli. Wanda ya dasa a Afrilu ya ɗauki aikin ban ruwa. Bedi, wato darbejiya, yana da inuwa kuma yana jure fari, amma saiwarsa tana fasa gini, ka nisanta shi da harsashi da ramin bayi. In wurin ƙarami ne, lalle da zogale sun fi dacewa, ga kore ga amfani. Furannin hoton nan irin na ƙasar sanyi ne, ba za su yi mako a nan ba. Ka je wurin masu sayar da dashe ka ce su ba ka wanda ya riga ya yi bazara a hannunsu, a sa a tukwanen ƙasa a jera gefen da ke samun inuwa da la'asar, kusa da randa, rarar ruwanta ta riƙa amfanarsu. Rumfar zana a kan sanduna masu tsafta ta fi rumfar kwano sanyi nesa ba kusa ba.

Kafin ka faɗa mata kuɗin aiki, ka hau sama ka duba indararo da kwano, ka zuba bokitin ruwa a tsakar gida ka ga ko yana bin magudana. Abin da ka gani ka sa shi farko a lissafi, fenti ya biyo baya. Ka kawo mini takardar in duba kafin ta kai hannun Alhaji.