Likita Ya Amsa: Masu Shirin Hawa Tsauni Lokacin Hutu

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 12 yana da sikila, kuma muna son kai yara Gembu hutun Disamba. Zai iya zuwa? (Wata uwa daga Gombe)

Amsa: Hajiya, kin kyauta da kika tambaya tun ba ku kama hanya ba. Tsaunin Mambila, inda Gembu take, ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, don haka iskar oksijin da yaro zai shaƙa a can ba ta kai ta Gombe ba. Ga sanyin dare, ga yaro ya shagala da wasa ya manta da shan ruwa. Waɗannan ukun su ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila har su toshe jijiyoyi. Ki fara kai shi wurin likitansa a auna jininsa. In ya amince, ki haɗa masa rigar sanyi, safa da hula, da magungunansa na kullum, gorar ruwa kuma kada ta bar hannunsa. Kada ya yi wanka a rafi. In ya kama gefen hagu na cikinsa, ƙasan haƙarƙari, yana kuka, saifa ce. In ƙirji ne da numfashi sama-sama, ya fi haɗari. Asibiti nan take, don Allah, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Ni amai nake yi a mota, kuma an ce hanyar daga garin Serti zuwa Gembu duk kwana ce.

Amsa: Haka take. Zauna gaba, ajiye waya, ka riƙa duban nesa, kada ka cika ciki. Citta tana taimakawa. Ƙwayar Stugeron ma tana aiki, amma tana sa barci, direba kada ya sha.

Tambaya: Na hau Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya, lafiya lau. Kilimanjaro fa?

Amsa: Malam, Chappal Waddi mita 2,419 ne, Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa 5,895. Ciwon tsauni, wanda ƙarancin oksijin a sama ke kawowa, yakan fara ne daga wajen mita 2,500, ka ga jikinka bai taɓa gwada shi ba, kuma ƙarfin ƙirji ba ya hana shi. Ka zaɓi hawan kwana bakwai ko takwas, ka yi wa likitanka maganar Diamox, ƙwayar rigakafin ciwon tsauni. In ka ji ciwon kai da tashin zuciya, ka tsaya inda kake. In ka fara tangaɗi kamar mai maye, ko numfashi ya gagara kana zaune, a sauko da kai ko da tsakar dare ne.