Diyyar wanda ya ji rauni wajen ceton wasu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙanenka da hannunsa ya ƙone wajen ciro fasinjoji daga motar da ta kama wuta a hanyar Dukku yana da haƙƙin diyya. Yana da shi, muddin sakacin direba ko mai motar ne ya jawo haɗarin, domin kotu ba ta karɓar hujjar cewa shi ya jefa kansa cikin wuta. Idan a bakin aikinsa ne, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba shi damar nema ta NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki.

Ku adana rahoton 'yan sanda, rasidan asibiti da hoton ƙunar. Kuskuren da na fi gani shi ne karɓar 'yan kuɗi a zaman sulhu tun kafin likita ya tantance girman raunin. Ku ga lauya a Gombe da wuri, musamman idan motar gwamnati ce, saboda wa'adin shigar da ƙara kan iya zama wata 3 kacal.