Tangaran a cikin fitilar kyamara, da rimot ɗin da ya sha duka

Tambaya: Rimot ɗin talabijin ɗinmu ya daina aiki ko da na sa sabon batir. In sayi wani? (Wata uwargida daga Gwammaja)

Amsa: Hajiya, a dakata da bugunsa a tafin hannu tukuna, bai yi laifin komai ba. Ki buɗe kyamarar wayarki, ki saita kan rimot ɗin, ki danna maɓalli. Ƙwan da ke bakinsa yana fitar da hasken infirared na nanomita 940 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), wanda ido ba ya gani amma kyamara tana nuna shi kamar ɗan walƙiya mai ruwan shuni. In iPhone ce, ki gwada da kyamarar gaba. Idan ya yi walƙiya, matsalar tana jikin talabijin. Idan bai yi ba, ki kankare tsatsar da ke kan ƙarafan batir.

Tambaya: Kyamarar tsaron shagona da rana fes take, amma da dare sai dishi-dishi, alhali bara ba haka take ba. Mai kayan ya ce in ƙara fitilar infirared "ta siramik", kuɗinta ninki biyu. Gaskiya ne ko cin kasuwa? (Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari)

Amsa: Alhaji, wannan kalma ta siramik ta zama kamar "orijinal" a bakin 'yan Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, kowa faɗa yake, kaɗan ne za su iya nuna maka inda take. Siramik tangaran ne, dangin kwanon shayin nan, sai dai an gasa shi da sinadarai zaɓaɓɓu. Kuma abu biyu ake kira da sunan, gara ka san wanda za ka biya wa kuɗi.

Na farko shi ne ɗan faifan da ake ɗora ƙwayar LED, wato 'yar ƙwayar da ke fitar da hasken, a kai. Babban abokin gābar LED zafi ne: yana rage haske nan take, yana kuma tsufar da ƙwayar a hankali. Allon lantarki na yau da kullum ƙarfinsa na wucewa da zafi bai fi 0.3 ba a ma'aunin wat bisa mita bisa digiri. Tangaran na alumina yana kai wajen 25, na alminiyam naitirayid kuwa wajen 170. Wannan amfaninsa gaskiya ne, musamman a garin da watan Afrilu ke haura digiri 40 kafin a yi maganar zafin kwanon rufi. Amma faifan miƙa zafin kawai yake yi. Idan bayansa babu ƙarfen alminiyam mai haƙora da zai karɓa, jikin fitilar kuma roba ce, to ka sayi tangaran ka kulle shi a tanda.

Na biyu shi ne wanda masana ke ta bincike a kai, kuma ba na kyamarar shago ba ne. Ƙwan kyamararka na nanomita 850 ne, ƙwayarsa ce ke fitar da hasken kai tsaye, a siririn zango. Masu son gane ruwa ko mai ko suga a cikin abinci kuwa suna buƙatar haske mai faɗin zango. Sai a ɗauki ƙwayar LED mai shuɗin haske, na wajen nanomita 450, a rufe ta da sinadarin da aka sa wa kuromiyam, shi kuma ya sha shuɗin ya amayar da infirared. Dabarar farin ƙwan ɗakinka ce, wannan rawayan da kake gani a kan ƙwayar. Kamfanin Osram ya fitar da irinsa a 2016, mai haske daga nanomita 650 zuwa 1050.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Ƙwayar haske ta nanomita 450 ƙarfinta 2.76 ne a ma'aunin ƙarfi da ake kira ilektiron bolt, ta 850 kuma 1.46. Wato ko sinadarin bai yi asarar komai ba, kusan kashi 47 cikin 100 zafi yake komawa. A tsohuwar hanya garin sinadarin ake kwaɓawa da danƙon silikon, wanda wucewar zafinsa wajen 0.2 ce kacal, sai zafin ya taru, haske ya ragu, danƙon ya dafe ya tsage. Shi ya sa ake matse garin a gasa shi a zafin da ya wuce digiri 1,500 har ya zama faifai guda ba danƙo. Tangaran irin na YAG, wato haɗin sinadaran yitiriyam da alminiyam, yana kai wajen 10, ninki hamsin ke nan. Wahalarsa ita ce 'yan ramukan iska: in suka rage a ciki sai su warwatsa hasken, ga shi kuromiyam dama ba ya shan shuɗi sosai. Duk wanda ya ce maka wannan ne a fitilar da yake son sayar maka, ka ce ya nuna a rubuce.

To, kafin ka fitar da ko sisi. Yaushe rabon da a goge gilashin kyamarar? Ƙurar hunturu da yanar gizo, ta gizo-gizon gaske nake nufi ba ta intanet ba, su ke mayar da hasken cikin idon kyamara hoton ya yi hazo. Kowace Juma'a a sa yaron shago ya goge da tsumma mai laushi. Sannan a auna wuta da mita a bakin kyamarar, da dare, lokacin da ƙwayayen ke kunne. Bolt 12 ake so. In ya faɗi ƙasa da 11, adafta ta gaji ko kebul ɗin ya yi tsawo da siranta. A kuma sauko da ita daga jikin kwanon rufi ta sami iska. Idan duk an yi haka bai gyaru ba, ƙwayayen sun tsufa, sai ka sayi fitilar 850 mai jikin ƙarfe, ka kafa ta nesa kaɗan da kyamarar. Kuma a daina ƙirga yawan ƙwayaye kamar ana sayen goro. Manya huɗu masu sanyaya mai kyau kan fi ƙanana talatin daɗewa.

Tambaya: Fitilar kyamarar tsaro wadda ba ta nuna jan haske da dare ba ta fi mai nunawa ba? (Wani mai gadi daga Sharaɗa)

Amsa: Ta nanomita 940 ke nan. Ɓarawo ba zai hango ta ba, amma idon kyamara bai cika jin ta ba, don haka nisan ganinka zai ragu. Harabar kamfani 850 take so.

Tambaya: Abokina yana kashe na'urar sanyaya ɗaki da wayarsa, tawa ta ƙi ko da na sauke manhajar. (Wani ɗalibi daga Kabuga)

Amsa: Ɗan'uwa, manhaja ba ta haifar da ƙwai. Duba saman wayarka ko akwai ɗan baƙin ɗigo kusa da ramin makirfo, irin na yawancin wayoyin Redmi; shi ne ƙwan infirared da ke yin aikin rimot. In babu, nemo rimot a ƙarƙashin kujera.