Ɗan sarin kayan abinci da maganar tallafa wa manoman gida: a juya jari ko a dakata?

Tambaya: "Malam, sarin kayan abinci nake yi, kuma yawancin kayana daga hannun manyan masu shigowa da su daga waje nake ɗauka. Kwanan nan ba abin da ake ji sai maganar tallafa wa manoman gida, da ƙara haraji a kan kayan waje, da abin da suke kira samar da abinci mai ɗorewa. Abokaina sun ce in juya jarina gaba ɗaya, in koma saye daga ƙananan manoma, har ma in riƙa ba su kuɗi tun kafin shuka. Akwai riba a nan, ko zancen gwamnati ne kawai?"

Alhaji, akwai riba, amma ba a wurin da abokanka suke hango ta ba. Abin da suke hange shi ne harajin da zai sa kayan waje su yi tsada, na gida su yi daraja. Ni kuwa ba zan yarda ka jingina jarinka da wannan harajin ba, domin alƙalamin da ya sa shi yau zai iya soke shi gobe, kuma babu mai neman shawararka.

Dubi abin da ya faru a 'yan shekarun nan. A watan Yulin 2023 Indiya, wadda ita kaɗai take fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, ta hana fitar da farar shinkafa in ban da basmati. Farashi ya tashi a kasuwannin duniya. A watan Satumbar 2024 ta ɗage hanin, farashi ya soma sauka. Indonesiya ta hana fitar da manja a ƙarshen Afrilun 2022, ba a cika wata guda ba ta janye. Duk wanda ya cika sito a ranakun tsada yana zaton abin ya zauna ke nan, shi ya ji a jikinsa. Dalilin wannan kai-komo ba ɓoyayye ba ne. Kowace gwamnati tana tsakanin mutum biyu: manomi mai son amfaninsa ya yi kuɗi, da mazaunin birni mai son abinci ya yi araha. Idan tsada ta yi tsanani, kukan mutanen birni ne ya fi saurin isa kunnen masu mulki, sai a buɗe iyaka ko a sauke haraji. Wanda ya saya da tsada a hannun manomi shi ake bari da kaya sun yi kwantai.

Wannan ba ya nufin duk manufofin gwamnati iska ne. Sai dai ka iya rarrabe alkawari da ciniki. A birnin Maputo na Mozambik, a 2003, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga noma, suka sake jaddada shi a birnin Malabo na Equatorial Guinea a 2014, amma ƙasashe ƙalilan ne suka cika. Wannan alkawari ne. Brazil kuwa ta yi doka a 2009 wadda ta ce aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da 'yan makaranta, a sayi abinci da shi daga ƙananan manoma masu noma da iyalinsu. Wannan ciniki ne, domin akwai mai saye, akwai kuɗi, akwai doka. Haka Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta fara wani shiri a 2008 na sayen hatsi daga ƙungiyoyin ƙananan manoma a ƙasashe kusan 20. To idan ka ji an yi shelar wani shiri, kada ka tsaya kan daɗin jawabin. Bincika ko an sa shi a doka, ko an ware masa kuɗi, da wanda zai biya, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya biya. Wannan na ƙarshen ya fi duka nauyi. Kwangilar da ribarta take da kauri amma sai an yi wata shida ana bin kuɗi, tana iya cinye ɗan kasuwar da ba shi da jarin jira.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa kayan waje suke shiga kasuwa da sauƙi. Wani ɓangare tallafi ne da ƙasashe masu arziki suke ba manomansu. Tarayyar Turai tana da tsarin tallafin noma tun 1962, kuma har yanzu yana cin kusan sulusin kasafin kuɗinta. Yarjejeniyar noma ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta sa wa wasu nau'o'in tallafi iyaka, a Nairobi kuma a 2015 aka amince a daina tallafin fitar da amfanin gona, amma manomin ƙasa mai arziki har gobe yana da abin da ƙaramin manomi a ƙasa mai tasowa ba shi da shi. Wannan ba abin da za ka iya gyarawa ba ne. Ɗaya ɓangaren shi ne wanda ya shafe ka kai tsaye. Ka tuna abin da kake samu a wurin mai shigo da kaya ban da kayan kansu: buhu ɗaya daidai da ɗan'uwansa a nauyi da tsabta, kaya suna nan rani da damina, wani lokaci har ya ba ka bashi ka sayar ka kawo. Ƙaramin manomi ba zai ba ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Nasa kaɗan ne, a warwatse, a lokaci guda yake zuwa, kuma kuɗi hannu yake so. Ranar da ka koma saye a wurinsa, duk aikin da mai shigo da kaya yake yi maka ya dawo wuyanka: tarawa, busarwa, tsincewa, awo, zubawa a buhu, ajiya, dako. A cikin wannan aikin ribar take, kuma riba ce da ba ta jiran sa hannun minista.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 14 cikin ɗari na abincin duniya yana lalacewa tsakanin girbi da isarsa hannun mai sayarwa a kasuwa. Ga ɗan kasuwa, wannan adadin kuɗi ne da yake zuba a ƙasa, wanda ya iya tare shi ya samu. Amma in bai iya ba, asarar a sitonsa za ta faru.

Bari in tsaya a kan danshi, domin nan ne sababbin shiga suka fi faɗuwa. Hatsi ba ya ajiyuwa lafiya sai danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari. Idan ka sayi kilo 100 mai danshi kashi 18, ka busar da shi zuwa 13, abin da zai rage maka bai kai kilo 95 ba. Wato ruwa ka saya sama da kilo biyar a kowane ɗari, tun kafin a yi maganar tsakuwa da ƙaiƙayi. In kuma ka ƙi busarwa don kada nauyi ya ragu, funfuna ta kama shi, kuma wani nau'inta yana haifar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda masana'antu da masu fitar da kaya suke gwadawa, su mayar maka da mota guda a kanta. Saboda haka kafin ka sayi buhun farko, ka mallaki sikeli mai gaskiya da na'urar gwada danshi. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan ka kwatanta da asarar mota ɗaya.

Sai lissafi. Mutane suna duban farashin kaka da farashin bazara, su cire wannan daga wancan, su ce ga riba. A tsakani akwai kuɗin mota a kan hanyoyin karkara, da ladan masu tara maka kaya, da buhu, da hayar sito, da maganin ƙwari, da ragin nauyi, da harajin hanya. Akwai kuma wanda ba a gani: zaman kuɗi. Jarin da kake juyawa sau biyu a wata a sarin da kake yi yanzu, ko da ribar kowane juyi kashi 3 ne, a wata shida ya tara maka fiye da kashi 30. Idan ka kulle shi a sito wata shida, dole tashin farashi ya biya duk waɗancan kuɗaɗe sannan ya wuce wannan kafin a kira shi riba. Kuma ba kowace shekara farashi yake tashi bayan kaka ba.

Shi ya sa nake cewa ka fara daga mai saye, ka dawo baya zuwa gona. Nemi masana'anta, ko mai yin abincin dabbobi, ko makaranta, ko manyan 'yan kiri da za su gaya maka irin kayan da suke so, nawa, yaushe, da sharaɗin karɓa. Da wannan a hannu sai ka san abin da za ka nema a wurin manoma da farashin da ba za ka wuce ba.

Maganar ba manoma kuɗi kafin shuka kuwa, a nan zan ja maka birki sosai. Matsalarta sananniya ce a duk inda ake noman kwangila. An yanke farashi tun farkon damina, kaka ta zo farashin kasuwa ya fi shi, sai manomi ya kai amfaninsa inda ya fi tsoka, ya ce maka gona ba ta yi ba. In kuma farashi ya faɗi, kowa ya kawo maka, har da na maƙwabcinsa. Ba lallai mugunta ba ce, mutum ne mai iyali da bashi a kansa. Ga kuma fari da ambaliya, waɗanda in sun zo sukan haɗa duk manoman da ka ba kuɗi a lokaci guda. In har za ka yi, kada ka yi a shekarar farko. Ka fara da saye kuɗi hannu, ka ga wa yake kawo kaya mai kyau, wa yake cika magana. Shekara ta biyu, waɗanda suka ci jarrabawa, ka ba su iri da taki maimakon tsabar kuɗi, ta hannun ƙungiyarsu, yadda za su tsaya wa juna. Kada ku ƙayyade farashi ƙememe. Ku yarda a kan farashin kasuwa na ranar awo, da ɗan ƙari ga wanda kayansa suka bushe suka tsabtata. Kuma a rubuta, da shaidu, har da abin da za a yi idan damina ta ƙi.

Abin da yake riƙe manomi ya fi takarda ƙarfi shi ne biya a kan lokaci da awo na gaskiya. Ƙungiyar masu madara ta Amul, wadda aka kafa a garin Anand na Indiya a 1946, da wannan ta ƙwace kasuwa: a gwada ingancin madara a gaban mai ita, a biya shi gwargwadon ingancin ba tare da ja masa rai ba. Ka lura kuma, manoman sun kafa ta ne don su kuɓuta daga 'yan tsakiya masu danne musu farashi. Ɗan kasuwar da ribarsa ta dogara ga rashin sanin manomi, kwanansa ƙidayayye ne, balle yanzu da farashin kasuwa yake zuwa wa kowa a waya.

Ɗorewa da suke faɗa, ga aljihunka abu biyu take nufi. Na farko, gonar da kake saye daga gare ta ta ci gaba da bayarwa. Ƙasar da aka gajiyar, ko aka yi ta feshi barkatai, amfaninta raguwa yake yi, kuma ragowar maganin ƙwari a jikin kaya yana sa a ƙi karɓarsu. Na biyu, manyan masu saye sun fara tambayar asalin kaya. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa koko, da gahawa, da manja, da waken soya, da roba, da katako, da naman shanu ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna ba a sare daji don samar da su ba bayan ƙarshen 2020, har da nuna wurin gonar a taswira. An ɗage fara aiki da dokar, amma alƙiblar ta fito fili. Ɗan kasuwa mai littafin da ya nuna wane manomi, wace gona, wane magani aka fesa, yana da abin sayarwa da abokin gasarsa ba shi da shi.

Sai dai kada ɗoki ya kwashe ka. Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani kwatsam a Afrilun 2021 da sunan komawa noma marar sinadari, amfanin shinkafa da ganyen shayi ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare aka janye. Kai ma kada ka kashe kuɗi neman takardar shaidar noma marar sinadari, wadda ake biyan masu dubawa a kanta duk shekara, sai ka riƙe mai sayen da ya yarda zai biya ƙarin.

Game da juya jari gaba ɗaya, amsata a'a ce. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Sarin da kake yi shi yake ciyar da gidanka, shi ne kuma zai ɗauke ka idan kakar farko ta zo da gardama. Ware abin da in ya salwanta kasuwarka ba za ta durƙushe ba, a ganina kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar, ka ɗauki kaya iri ɗaya da ka fi sani, a yanki ɗaya da za ka iya zuwa da ƙafarka. Buɗe masa littafi daban, kada kuɗinsa ya gauraya da na shago, ka rubuta nauyin da ka saya da nauyin da ka sayar. Kafin ka cika sito kuma, tambayi ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ko ƙasarku tana da doka a kan ajiye kayan abinci da yawa, domin a lokacin tsada hukumomi sukan kira ajiya ɓoye kaya, su rufe sito.