Doka da Jirgin Sama: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kai, kuma nakan hayi ƙaramin jirgi mai kujera huɗu. Wani attajiri yana so in riƙa kai shi harkokinsa, shi ya biya mai da haya, ya kuma ɗan yi mini ihsani. Akwai laifi a ciki? *Daga wani sabon matuƙi.*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, akwai laifi, kuma ba ƙarami ba. Ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, waɗanda suka samo asali daga Yarjejeniyar Shikago ta 1944, sun bai wa mai irin lasisinka damar tuƙi ne ba don a biya shi ba. Ana ba da wannan lasisi bayan awa 40 a sama. Lasisin haya kuwa, wato na tuƙi don a biya mutum, sai an cika awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, tare da gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya. Ko da ka samu na hayar ma da sauran rina a kaba, domin ɗaukar fasinja da kuɗi sai a ƙarƙashin kamfanin da hukuma ta ba takardar izinin jigila, mai tsarin gyara da na horarwa da ake sa wa ido.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne karo-karo. Wasu ƙasashe sun yarda matuƙi da fasinjojinsa su raba kuɗin tafiya. A Amurka sharaɗin shi ne kada matuƙin ya biya ƙasa da kasonsa na mai da haya da kuɗin filin jirgi, kuma shi ma yana da tasa buƙatar a inda za a je. A tsarin da ka kawo, tafiyar ta attajirin ce, kuma kai ko sisi ba ka fitarwa. Hukumar jiragen sama ta Amurka tana ɗaukar hatta awannin da matuƙi ya tara kyauta a matsayin lada.

Abin da ya fi damunmu shi ne inshora. Takardarta tana fayyace aikin da jirgin zai yi da wanda zai tuƙa shi. Ranar da tsautsayi ya gitta aka gano kuɗi sun shiga tsakani, kamfanin inshora na iya zame jikinsa, diyyar rai da ta jirgi su hau kanka ko kan magadanka. A Janairun 2019 ɗan ƙwallo Emiliyano Sala ya rasu lokacin da ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi daga Faransa zuwa Birtaniya ya faɗa teku. Bincike ya nuna matuƙin ba shi da lasisin haya, kuma a 2021 kotu ta ɗaure wanda ya shirya tafiyar wata 18. Ka ba attajirin haƙuri, ka nuna masa kamfanin shata.

Tambaya: Za mu sayi jirgi na hannu mai kujera tara daga ƙasar waje. Dillali ya nuna mana takardar rajista da sunan mai sayarwa. Ta wadatar mu biya? *Daga wata shugabar kamfani.*

Amsa: Ranki ya daɗe, kada ki saki kuɗi tukuna. Takardar rajista tana nuna ƙasar da jirgin yake ɗauke da tutarta ne; a ƙasashe da dama ba hujjar mallaka ba ce, kuma ba ta faɗin ko akwai bashi a kansa. Jirgi kuwa bashinsa bin sa yake duk inda ya sauka.

A fara da sa lauya ya binciki kundin hukumar ƙasar da jirgin yake, ya bi takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya har zuwa masana'anta. Sannan a duba rajistar duniya ta jingina da sauran haƙƙoƙi a kan jirage, da ke birnin Dabilin na ƙasar Ayilan, wadda aka kafa bisa Yarjejeniyar Kef Tawun ta 2001. Ta shafi jirgin da aka amince ya ɗauki mutum takwas zuwa sama har da ma'aikata, don haka naki ya shiga ciki. A wannan rajista wanda ya riga shigar da haƙƙinsa shi ke gaba. Ki lura cewa injin jet mai ƙarfin turi fam 1,750 zuwa sama, ko mai farfela mai ƙarfin doki 550, ana yi masa rajista daban da lambarsa. Gangar jirgi na iya zama wankakkiya alhali injin da ke maƙale da ita jingina ne a hannun banki, ko ma na haya ne. Akwai kuma bashin da sau da yawa ba ya bayyana a ko wace rajista: kuɗin gyara da na ajiya a filin jirgi, wanda a wasu ƙasashe ke ba mai bin bashi ikon riƙe jirgin. A nemi shaidar biya a rubuce.

Sai littattafan gyara, waɗanda su ne rabin darajar jirgin. Ki ɗauki injiniyan da ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Ya gwada lambobin da ke jikin sassa da waɗanda ke rubuce, ya tabbatar an aiwatar da duk umarnin gyara na dole da hukuma ta fitar, ya zura kyamarar bincike cikin injin, ya leƙa ƙarƙashin daɓe don tsatsa. Wasu sassa, irin fayafayan da ke juyawa a cikin injin, ana ƙirga musu rai ne da yawan tashi da sauka. Idan tarihin irin wannan sashe ya yanke, ba a yarda a ci gaba da amfani da shi ko da sabo fil yake a ido. Sai an sayi wani.

Kuɗin kuma a ajiye su hannun amintaccen mai shiga tsakani, kada ya sake su sai takardar ciniki da ta sakin jingina sun shigo hannu. Sashe na 18 na Yarjejeniyar Shikago ya hana jirgi zama da rajistar ƙasa biyu, saboda haka sai tsohuwar ƙasar ta cire shi, ta kuma ba da shaidar lafiyarsa ta fitarwa, kafin sabuwar ta karɓa.

Tambaya: Na ga matsala a wata na'ura kafin tashi, maigidana ya ce in tafi a gyara in mun dawo. Idan wani abu ya faru, wa doka za ta kama? *Daga wani kyaftin.*

Amsa: Kai za ta fara kamawa, Kyaftin, domin doka ta ɗora maka magana ta ƙarshe kan jirgin, kuma “an ce in tafi” ba kariya ba ce. Rubuta matsalar a littafin jirgi, ka buɗe kundin da hukuma ta amince da shi na na'urorin da za a iya tashi ba tare da su ba. In na'urar tana ciki, injiniya ya sa hannu, a liƙa mata alama, a kiyaye wa'adin gyara, wanda galibi kwana 3 ne, ko 10, ko 120 gwargwadon rukuninta. In ba ta ciki kuma ta shafi lafiyar jirgin, ba tashi.

A sama kuwa doka ta yarda ka kauce wa ƙa'ida idan tsira ta tilasta. Ka sanar da hukuma nan take, in ta nemi rahoto ka miƙa, bisa al'ada cikin kwana 10. Binciken haɗari na ƙa'idar ICAO don hana maimaituwa ake yin sa, ba don ɗora laifi ba, amma bai hana hukumar lasisi ko kotu yin nasu daban.

Tambaya: Ina da fili kusa da filin jirgin sama, an ce ba zan yi bene mai tsawo ba. Ba filina ba ne? *Daga wani magidanci.*

Amsa: Filinka ne, Alhaji, amma sararin da ke samansa yana da iyaka. A ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi ga manyan filayen jirgi, gini bai kamata ya wuce mita 45 sama da matakin filin jirgin ba a cikin kewayen kilomita 4. A saitin titin sauka abin ya fi tsauri: ana farawa mita 60 daga bakin titin, ana hawa mita 2 a kowace mita 100, wato kimanin mita 20 kacal bayan kilomita ɗaya. Eriya da tankin ruwa da ƙugiyar ɗaga kayan gini duk suna cikin lissafi, kuma idan filinka a kan tudu yake, tudun ya riga ya cinye wani ɓangare. Kai wa hukumar jiragen sama taswirar wurin da tsawon ginin, ka karɓi izini a rubuce kafin a haƙa tushe. Izinin hukumar tsara gari ba ya maye gurbinsa.

Maƙwabcin filin jirgi shi ma yana da haƙƙi. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta ce mai gonar kajin da jiragen soja ke ratsawa ƙasa-ƙasa har kajinsa suka riƙa mutuwa ya cancanci diyya, a 1962 kuma ta ɗora irin wannan diyya a kan hukumar da ta mallaki filin jirgin. Kowace ƙasa da nata hukuncin, don haka ka sa lauya ya duba takardar filinka, ko an rubuta wata iyaka a kanta tun kafin ka saya, domin a kan wannan ne neman diyya ya fi tsayuwa ko faɗuwa.