Wurin fakin goma da bututun da ya tsaya a bakin iyaka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a gefen wani ƙaramin gari a jihar Minnesota ta Amurka, kuma abu biyu ne suka dame ni. Na sami wani tsohon shago a tsakiyar gari, ina so in buɗe wurin sayar da kayan abinci irin namu da naman halal, sai ofishin gari suka ce dole in samar da wurin fakin na mota goma, alhali bayan shagon huɗu kawai zai ci. Sannan gidan da muka saya yana wajen iyakar gari da kaɗan, rijiyar burtsatse da sokawe muke amfani da su, ga bututun ruwan gari ya tsaya gida uku kafin namu. Na roƙa a ƙaraso da shi, aka ce sai majalisa ta zauna, kuma mu za mu biya. Haka ake yi wa kowa, ko don an ga mu baƙi ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwar albarka. A yadda ka kawo maganar, amsar da aka ba ka ita ake ba kowa, baƙo da ɗan gari. Sai dai matsalolin nan biyu nauyinsu ba ɗaya ba ne, kada ka zuba su a buhu guda. Adadin wurin fakin lissafi ne a kan takarda, majalisa na iya sassauta shi a zama ɗaya. Bututu kuwa kuɗi ne da za a binne a ƙasa a yi shekaru ana biya, kuma duk daɗin bakinka babu kansilan da zai ba ka shi kyauta.

Ka fara sanin su wa za ka fuskanta. Yawancin ƙananan garuruwan Minnesota magajin gari ɗaya ne da kansiloli huɗu, kowa da ƙuri'a ɗaya. Kowannensu yana da sana'arsa, da yamma suke haɗuwa, galibi sau ɗaya ko biyu a wata. Dokar jiha ta wajabta a yi zaman a bainar jama'a, don haka babu mai hana ka shiga. Za ka tarar da dogon tebur, tuta a kusurwa, kujeru a jere yawancinsu babu kowa a kai, da wata takarda a bakin ƙofa inda mai son magana ke rubuta sunansa. Idan an kira ka, minti uku ko makamancin haka za a ba ka. Ma'aikacin da ya ce maka goma, abin da ke rubuce ya karanta maka, ba shi da ikon rage ko ɗaya, saboda haka kada ka ɓata da shi. Hasali ma shi zai rubuta rahoton da kansiloli za su karanta a kan buƙatarka, gara ku rabu da fara'a.

To daga ina goman ta fito? Dokar tsarin gari kan ce kowane shago ya tanadi wurin mota ɗaya a kan kaza na faɗin ginin. Ɗauka cewa taku ta ce ɗaya a kan murabba'in ƙafa 200, shagonka kuma 2,000 ne, ka ga goma ke nan. Kowace mota, idan an haɗa da hanyar shiga da juyawa, tana cin murabba'in ƙafa 300 ko fiye. Wato filin motocin zai fi shagon kansa girma da rabi. Marigayi Farfesa Donald Shoup na Jami'ar California da ke Los Angeles ya yi shekaru yana nuna cewa irin waɗannan alƙaluma yawanci kwafo su ake yi daga dokar wani gari, ko daga ƙidayar da aka yi a manyan kantunan bayan gari inda kowa da mota yake zuwa kuma fakin kyauta ne. Tsakiyar tsohon gari, wanda aka gina tun kafin a rubuta dokar, ba zai taɓa cika wannan sharaɗi ba sai an rushe wani abu. Ni dai ina tare da shi a wannan. Dokar da ke barin shago a kulle saboda motocin da ba su ma zo ba, gyara take buƙata.

Kafin ka nemi wata alfarma, ka tambayi abu guda: me ake yi a shagon da, kuma yaushe aka rufe shi? A dokar Minnesota, ginin da ya riga dokar gari zuwa yana da haƙƙin ci gaba a yadda yake, sai idan an daina amfani da shi fiye da shekara ɗaya. Idan kanti ne da, kai ma kanti za ka buɗe, kuma bai shekara a rufe ba, mai yiwuwa maganar goma ba ta hau kanka ba ko kaɗan. Idan kuwa ya daɗe a kulle, ko za ka sa tebura mutane su zauna cin abinci, lissafi ya sake.

In hakan bai yiwu ba, sai ka shigar da takardar neman sassauci. Tun 2011 ma'aunin da jihar ke aiki da shi ya yi sauƙi, abu uku ake dubawa: abin da kake son yi da wurin ya dace da hankali, matsalar daga yanayin filin ta taso ba kai ka jawo ta ba, kuma sassaucin ba zai sauya kamannin unguwar ba. Ga inda mutanenmu ke tuntuɓe. Dokar ta faɗa ƙarara cewa tsadar abu kaɗai ba hujja ba ce. Idan ka tashi ka ce ba ka da kuɗin sayen fili, ka ba su dalilin ƙin amincewa da bakinka. Abin da za ka ce shi ne ginin ya cinye filin tun asali, babu inda za a faɗaɗa. Ka zo da hotunan titin a lokuta daban-daban na yini, da safe, da azahar, da yamma, a ga wuraren da ke zaune babu mota. In akwai coci ko banki kusa da kai mai fili, ka nemi yarjejeniya a rubuce cewa kwastomominka za su riƙa ajiyewa a can, dokokin garuruwa da yawa sun yarda da wannan. Wani zai iya tashi ya ce ai da hunturu ana hana fakin a titi saboda motar share ƙanƙara. Gaskiya ne, garuruwan jihar da dama suna hanawa daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, har janwe ya ja motar mutum, amma a mafi yawansu da tsakar dare ne, lokacin shagonka yana rufe.

Ka riƙe ranar da ka miƙa cikakkiyar takarda. Doka ta ba gari kwana 60 ya amince ko ya ƙi, yana iya ƙara wasu 60 idan ya sanar da kai a rubuce da dalili. In wa'adin ya wuce shiru, a doka an amince ke nan.

Akwai kuma hanya mai tsawo, wato a sauya dokar ga kowa. An yi a wasu wurare. Sandpoint, wani gari a jihar Idaho da mutanensa ba su kai dubu goma ba a lokacin, ya soke wannan sharaɗi a tsakiyar gari a 2009, bayan da wani banki ya sayi gine-ginen maƙwabta ya rushe don kawai ya cika adadin da doka ta nema. Minneapolis da St. Paul, a jiharku, sun soke shi a duk faɗin gari a 2021. Amma wannan aikin watanni ne, ka fara buɗe shagonka tukuna.

Maganar bututu ta fi wuya, kuma a nan ina ganin majalisa tana da gaskiyarta. Ruwan gari da magudanar ƙazanta asusunsu daban yake, da bil ɗin da masu amfani ke biya duk wata ake tafiyar da su. Wanda ke wajen iyaka bai taɓa sa sisi a ciki ba, ba ya kuma biyan harajin gida ga garin. Sannan aikin kansa ba ƙarami ba ne. Saboda sanyi, a Minnesota ana binne babban bututu a zurfin ƙafa bakwai zuwa takwas don kada ya daskare. Sai an fasa kwalta, an sa katangar ƙarfe a ramin don kada ƙasa ta rufta wa ma'aikata, an kafa famfon kashe gobara, an mayar da titi yadda yake. In gidajenku sun fi layin gangare, ƙazanta ba za ta hau tudu da kanta ba, sai an gina tashar injin turawa mai cin wuta dare da rana. Idan ka tuna yadda ake yi a sababbin unguwanni a gida, a yi karo-karo a sayi taransifoma da turaku sannan su zama na kamfanin wuta, to kusan haka ne: ku za ku biya, bututun ya zama na gari. Bambancin shi ne daga ranar gyaransa da sauya shi idan ya tsufa sun hau wuyan garin har abada, kuma wannan ne ke sa kansiloli jan ƙafa a kan dogon layi mai gidaje kaɗan.

Shi ya sa abu na farko da za su ce shi ne ku shigo cikin gari. Garuruwa da yawa ba sa kai ruwa waje sai mai gida ya sa hannu a haɗe filinsa da garin, yanzu ko nan gaba. Ka karanta wannan takarda da idon basira, domin tana bin filin ne, ko ka sayar tana nan. Shiga gari na nufin harajin gida zai ƙaru, dokokin gari za su hau kanka, har da na kiwon kaji da tumaki idan kana da wannan niyya, kuma galibi za a sa ka cike sokawe, a kuma raba rijiyar da famfunan cikin gida. Ita ma hukumar karkarar da kuke ƙarƙashinta yanzu tana da ta cewa, tunda haraji za ta rasa.

Yadda ake raba kuɗin yana cikin babi na 429 na dokokin jihar. Injiniyan gari zai rubuta rahoto a kan ko aikin zai yiwu da abin da zai ci. Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin a ba da umarnin aikin, a sake yin wani lokacin da za a ɗora wa kowane gida kasonsa. Lissafin ƙuri'a a nan yana da muhimmanci ƙwarai. Idan masu filayen da suka kai aƙalla kashi 35 cikin ɗari na tsawon bakin titin suka sa hannu a takardar roƙo, rinjaye kawai ake buƙata, wato uku cikin biyar. In babu wannan takarda, sai huɗu cikin biyar sun yarda. Ka ga ke nan aikinka na farko yana ƙofar maƙwabtan nan uku, kafin ofishin gari. Kada ka yi mamaki idan wani ya ƙi. Wanda bai daɗe da kashe kuɗi a sabon sokawe ba, ba zai yi murna da ganinka ba.

Kason da aka ɗora maka ana raba shi shekara-shekara a cikin takardar harajin gida, da riba a kai. Idan kana gudun riba, doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da majalisa ta tabbatar da rabon ka biya duka ba tare da ƙarin ko kwabo ba, sai ka fara tanadi tun yanzu. Ban da wannan akwai kuɗin shiga layi, da na jan ƙaramin bututu daga titi zuwa cikin gida, wanda kai za ka nemo mai yi. Kariyarka ita ce ba a yarda a ɗora wa gida abin da ya wuce ƙarin darajar da aikin ya jawo masa ba. Amma in kana da ja, dole ka miƙa shi a rubuce da sa hannunka kafin zaman rabon ko a wurin zaman, sannan ka ɗaukaka ƙara zuwa kotu cikin kwana 30 daga ranar da aka tabbatar da rabon. Wanda ya yi ƙorafi da baki kawai ya koma gida, ya rufe wa kansa ƙofa.

Saura zargin da ka yi na wariya, ba zan ce maka babu ita a tarihin wannan harka ba. A gefen Zanesville ta jihar Ohio akwai unguwar Coal Run, mazaunanta yawanci baƙar fata. Tun shekarun 1950 aka shimfiɗa bututu a yankin, ya kai wa fararen maƙwabta ya tsallake su. Rijiyoyinsu sun gurɓace saboda tsofaffin ramukan haƙar kwal, sai ruwan sama da wanda suke saye suna zubawa a tanki. Ruwan famfo bai iso musu ba sai 2004, kuma a 2008 kotun tarayya ta yanke musu diyyar kusan dala miliyan 11. Abin da ya ci musu shari'ar shi ne an nuna wa aka kai wa ruwa, wa aka hana, a taswira da takardun hukuma.

Kai ma da wannan za ka auna naka. Ka je wurin akawun majalisa ka nemi rubutacciyar manufar garin a kan faɗaɗa layin ruwa, da bayanan zaman da aka yi a kan roƙo irin naka a 'yan shekarun nan, da taswirar inda garin ke shirin faɗaɗa. Takardun jama'a ne, dubawa kyauta, kwafi ne kawai ake biya. Idan ka ga waɗanda aka kai wa ruwa duk sun shiga gari sun biya kasonsu, to layi ɗaya aka sa ka da kowa. Idan kuwa ka tarar an kai wa wani a wajen iyaka ba tare da sharaɗin da aka gindaya maka ba, ka ɗauki kwafin ka nemi lauyan da ya san harkar filaye da ƙananan hukumomi kafin ka sa hannu a komai.